Warin Bakin Nomau

"Sake dubawa," nic ce ma majo.

"Kaka, na duba."

"Ka duba da ido. Sa hancinka."

Yay yi dariya. Yaro ne, ko gemun kirki bai tara ba, amma shi ne babba ga likitar garinmu, shi muke ce ma majo. Jikata Rakiya na zamne bisa cinyar uwarta, matar ɗana, baki buɗe, hawaye har wuya. Yas sake danne mata halshe da ɗan itacen nan nasu, yah haska da hitilar salula, yac ce in matso.

"Wala. Mi kig gani?"

"Ja."

"Ja kawai. Anjin ce, ciwon maƙoshi na kowa da kowa. Tana haɗiye yawunta. Bakin ya buɗe duka. Muryar tata ce, ba ta sake ba. Wuya bai kumbura ba. Saurara kuma." Munka yi shiru. "Kin ji wata ƙara in ta ja iska?"

"Ban ji ba."

"Bon. Da na ga ɗaya cikin waɗanga, ko wata hwata toka-toka ta lulluɓe maƙoshin, da yanzu ba hira muke ba, da na kira mota zuwa Dogon Dutsi. Yaron da yaƙ ƙi kwanciya, yam miƙe wuya, yawu na zuba, ko itacen ga ba ni sa mishi. Mota kawai. Hankalinki ya kwanta?"

"Hankalina ba shi kwanciya. Rubuta maganinka."

Da yat tambayi matar ɗana mi tab ba yarinyar gida, sai ta kwance bakin zane, ga ƙwayoyi ja da ɗorawa irin na masu yawo da tire bisa kai, rana ta narkar da su sun manne da juna. Mace da karatunta, da salula hannu. Nid dube ta, nit tohar da yawu waje.

Muna komowa gida rana ta take. Bana ruwa ya ɗauke bayan shibka, hatsi ya nannaɗe kunne, gabas ta yi baƙi da marece ta watse. Bakin hanya wata akuya ta mutu, anka bar ta nan ta kumbura. Iska taj juyo da warin, nit tsaya cik. Matar ɗana tac ce, "Inna, lahiya?" Nic ce ta wuce. Ashe hancina bai manta ba.

Wata damana ce irin wagga, da daɗewa, tun ina da ɗiya biyu. Muna zamne ga wata 'yar tunga yamma da Dogon Kiriya, ni da mai gidana da uwarshi, Inna. Babban ɗana Nomau, ɗan hwari. Na san ba a hwaɗin sunan ɗan hwari. Na yi kunyar nan shekara da shekaru ba ta tsinana mini komi ba, kuma ban koyi riƙon biro da hurhura wurin yaƙi da jahilci don in riƙa ɓoye-ɓoye ba. Nomau sunanshi. Haƙoranshi na gaba sun zube, sabbi ba su kai ga hitowa ba. Sai ƙanwarshi Hadi, ba a daɗe da yaye ta ba, tana gwarancin magana.

Rumbu ya ƙare tun bazara ba ta yi nisa ba. Jakinmu anka kai kasuwa, yad dawo garin rogo cikin buhu, garin ma yaƙ ƙare. Irin shibka Inna ta zuba cikin tulu tal liƙe bakin da laka, tana kwana da shi ga kanta, don ta san mu. Munka yi binne cikin busasshen rairai, maza na sara gaba, mu mata muna bi muna jehwa iri muna takewa da dunduniya, ƙasa na gasa tahin ƙahwa kamar tanda. Ruwan hwarko yas sauka, hatsi yat tsiro gwanin kyau. Daga nan sama tar ruhe bakinta. Kullum da la'asar hadari shi taso, iska ta kwashe muna zana, ta cika muna tukunya da ƙasa, ko ɗigo babu.

Yaran yanzu in shinkahwa ba ta ji magi ba sai su ce yunwa. Mu anza munka ci. 'Ya'yan wani itacen daji ne, ɗacinsu ya hi maɗaci, in ba ka gyara su ba su kashe ka. Ka tsinko, ka shanya, ka ɓare, ka dahwa, sannan ka jiƙa kana zubar da ruwan kana sakewa, yau da gobe da jibi, har ɗacin shi rage. Ruwan jiƙon wari gare shi, nesa muke kai shi don kada awaki su sha. In akwai gishiri a barbaɗa, in babu a ci hakanan. Da asuba in tahi rijiya, igiya ta goge mini hannu. In komo in sake ma anza ruwa, in dama kunun dusa ma yara, in bi mai gida gona, ko da ba abin yi sai kallon hatsi na mutuwa. Da marece in shiga daji neman ganyen jiga da tahwasa. Ka ci, cikinka shi cika, ƙahwahunka su ce ba su ji komi ba.

Shi ya sa da Nomau yat ture ƙwaryar anza ban kawo komi ba. Wa ke son anza? Jikin da ɗan zahi, ba mai yawa ba. Washegari yaƙ ƙi kunu, yan nuna wuya. Muryarshi tad dushe kamar mai magana cikin tulu. Kahin a jima wuyan ya kumbura, haɓa da ƙirji sun haɗe, kamar wuyan bijimi ga yaron da ake ƙirga haƙarƙarinshi. Hanci na ɗigar da wani ruwa mai jini-jini. Sai warin. In ya buɗe baki ka ce nama ne anka manta cikin tukunya anka ruhe, wari mai zaƙi-zaƙi da ke manne ma mutum ga maƙoshi. Ƙudaje sunka bar anza sunka koma kanshi.

Inna tal leƙa tac ce, "Belu ne. A kira Gado."

Belu shi ne ɗan naman nan da ke reto can ƙuryar baki. Wurinmu kowane jariri wanzami na yanke mishi shi ranar suna. Kowane gida da wanzaminshi na gado, shi yi aski, shi yi ƙaho, shi yi kaciya, in kaka ta yi a ba shi damen hatsi. Namu sunanshi ma Gado.

Nic ce, "Inna, ba an cire mishi ranar suna ba?"

"Shina tohowa. Ke yaushe anka haihe ki?"

Gado yaz zo da hantsi da zabirarshi, wadda maiƙo da gashin mutane sunka mayar baƙa ƙirin. Daga wurin yin ƙaho shike, da ɗigon jinin wani ga hannun rigarshi. Anka shimhiɗa tabarma ƙarƙashin aduwa. Inna tam matse Nomau tsakanin gwiwoyinta, ubanshi yar riƙe kai. Ni anka ce in koma bayan zana, uwa ba ta tsayawa. Nik koma, amma zanar duk huji ce.

Yad danne halshen da wani guntun itace, yal leƙa, yak kauda kai don wari.

"Ash! Inna, kun yi sake. Ya nuna har ya yi riga."

"Na hwaɗa musu."

Babu belun da za shi yanka, shi da kanshi yac cire shi tun yaron na cikin tsumma. Abin da yag gani wata hwata ce toka-toka da tal lulluɓe maƙoshin. Ita yas sa ma ƙugiyar askarshi yak kankaro. Nomau ko kuka bai iya ba, ƙahwahunshi kawai ke shure ƙasa. Jini yab biyo haɓa. Gado yaz zaro wani abu kamar jiƙaƙƙen ƙirgi, yaɗ ɗaga shi sama shina juyawa kowa shi gani.

"Kun ga mugun? Da ya kwana da ya haɗiye shi."

"Sannu, Wanzan. Allah shi biya."

Yag goge ƙugiyar da itacen ga cinyarshi. Inna tac ce, "Tunda ka zo, duba muna 'yar ƙaramar." Anka jawo Hadi. Itacen nan dai, da yawun wanta bai bushe ba, shi yat tura mata baki.

"Wagga lahiya lau. Da sauranta."

Anka ba Nomau kunun kanwa mai zahi wai shi gasa wurin. Ya dawo ta baki da hanci. Zuwa washegari numhwashin ya koma wata ƙara, in ya ja iska ka ji kamar ana goga zarto ga ɗanyen itace, ramin wuyanshi shi lotsa ciki. Ba shi yarda a kwantar da shi. Shi zamna, shi dahwa ƙasa, shi ɗaga haɓa, ido waje. Inna tac ce to abin ya wuce belu, doguwa ce tash shaƙe shi, tat turara garwashi hayaƙi yac cika ɗaki. Yaron da ke neman iska anka ba hayaƙi. Nij jawo shi waje inuwar rumbu, niz zamnar da shi ga ƙirjina. Leɓɓanshi sunka koma launin toka. Da la'asar ƙarar tat tsaya.

Ana dawowa daga binne shi hadari yat taso, wanga karon na gaske. Masu gaisuwa baki na "Allah shi ba da haƙuri", ido na gabas. Da ɗigon hwarko yab bugi ƙasa wani tsoho har yay yi hamdala da ƙarhi, sannan yat tuna inda shike. Ban ga laihinsu ba, yunwa ce. Amma na ji ƙyamar kowa ranar, har ƙamshin ƙasar.

Anka yi ruwa kamar da gayya. Hatsin da munka cire ma rai yam miƙe, haki yar riga shi. Zaman makoki bai yi wani tsawo ba, maza sunka ɗauki hauya, anka tsara gayya gona bayan gona, don ba mai ƙarhin da za shi nome tashi shi kaɗai.

Ni kuwa na koma akuya. Kowace sahiya in jawo Hadi in buɗe bakinta in shinshina. Inna tac ce baƙin ciki ya taɓa mini kai. Nib bar ta da hwaɗinta. Warin anza nike ji, da na kunu, da na bakin yaro. Ranar da gayya taz zagayo gonarmu, Hadi tat tashi da ɗan zahin jiki, tat ture ƙwarya. Nis sa hanci. Shina nan. Kaɗan, can ƙasa, amma shi ne.

Mai gida na ɗaura ma hauya ƙota nit tare shi.

"Abin da yac ci Nomau ya kama Hadi."

"Haba dai. Zazzaɓin damana ne."

"Zo ka shinshina."

"Ni kare ne?"

"A kai ta likita."

"Yau? Mutane na bisa hanyar gonata. Bari a tashi noma."

"Nomau ya jira an tashi noma?"

Yad duƙar da kai yac ci gaba da bugun ƙota. Ba mugu ba ne, Allah shi jiƙanshi. Irin mazan nan ne da in magana ta hi ƙarhinsu sai su sami abin bugawa. Inna daga ƙohwar ɗakinta tac ce, "Na aika ma Gado. In azahar ta yi shina nan. Wancan mun yi jinkiri ne, wagga da wuri za a tare."

Niy yi kwaɗon tahwasa na masu gayya, nir ruhe da hwaihwai. Da maza sunka ɓace bayan tudu nic cika gora da ruwa, nig goya Hadi.

"Ina zuwa?" in ji Inna.

"Likita."

"Wa yab ba ki izini?"

"Wanda ke kwance bayan gari."

"Ke! Ni kike hwaɗa ma haka? Wa za shi kai ma mutane abinci?"

"Ga ƙwarya nan, Inna. Kina da kai."

"In kin hita gidan ga..."

"Na hita."

Rana bayan ruwa ta hi kowace rana mugunta. Rairai na tururi, zuhwa na shiga ido, cikina ba komi sai ganye. Numhwashin Hadi na bugun ƙeyata da zahi, warin na zagayowa hancina. Tahiya kaɗan in tsaya, in riƙe nawa numhwashin, in saurari nata. Wani kwari da nis sani busasshe ranar ruwa har cinya, jajir, shina ja. Nik kwance ta niɗ ɗora bisa kahwaɗa nik ƙetare. Gaba kaɗan ga rugar Hulani, wata mata ta hango ni tak kira, tam miƙo madara cikin ludayi. Hadi tak kurɓa tak kasa haɗiyewa, yaz zubo ta gehen baki. Matar taj ja da baya tat toshe hanci da gyale, tac ce, "Ke sha, ke ke tahiya." Nish shanye. Rabona da madara tun kahin a sai da jaki.

Kahin in kai Dogon Kiriya ƙarar ta hwara. Siririya, kamar kukan ɗan tsako.

Likitar ɗaki biyu ce da ruhin kwano, mutane zazzamne bakin ƙohwa. Majon lokacin wani dogon Bazabarme ne mai jan bakin goro, Hausarshi duk a karkace. Shina wanke ma wani gyambo. Ni ko sallama ban gama ba yaɗ ɗago kai, ba ni yad duba ba, bayana yas saurara.

"Kai, mace. Kawo shi yarinya nan. Ku, ku ba shi hanya."

Yaw wanke hannu, yaɗ ɗaure ƙyalle ga hanci. Bai kwantar da ita ba, bisa cinyata yac ce ta zamna. Yat taɓa wuyan ta waje, yad dubi ramin wuya shina lotsawa, sannan yad danne halshe da gindin cokali a hankali, yah haska tocila. Yad daɗe shina kallo. Bai taɓa komi ciki ba.

"Wanzami ya sa ƙarhe?"

"Wagga itace kawai. Wanta anka kankare ma."

"Ina wan?"

"Mun binne shi."

Yaj ja tsaki mai tsawo. "Zo, duba." Nil leƙa. Ga ta nan, hwatar nan toka-toka, ta kama gehe guda tana hawa ɗayan. "Wannan ba belu ba. Mashaƙo ne. Ka kankare, jini, gobe ya dawo, ya sauka ƙasa ya toshe hanyar iska. Kuma yana da dahi, yana zuwa zuciya. Kuma yana tsallaka, yaro zuwa yaro." Yaj jehwa cokalin cikin wata tukunya da ke tahwasa bisa risho. Nit tsaya ina kallon cokalin nan shina juyawa cikin ruwa, ina tuna cinyar Gado.

Yay yi ma Hadi allura, yay yi mini. Yac ce wadda ke kashe dahin babu ta nan, sai Dutsi, kuma yau, ba gobe ba. Allah ya sa ranar kasuwa ce. Da kanshi yah hita da ƙyallenshi ga hanci yat tare wani kamyo, babbar motar kaya, da ke shirin tashi, sunka yi ta hayaniya da direba, har anka kwashe mutane daga can baya anka ba mu wuri bisa buhunan kanwa. Yab biyo mu shina hwaɗa da ƙarhi: "Zamne! Kar ka kwantar! Kar ka ɗura masa komi!"

Hanyar ba hanya ba ce, rairai ne da taɓo. Motar ta kahe, maza su sauka su tura, ni ina riƙe da Hadi tsaye ga ƙirjina ina jin zarton nan shina ƙaruwa. Wani ɗan kasuwa yam miƙo mini ƙuli-ƙuli daga nesa da tsinin sanda.

Dogon Dutsi anka kai mu wani ɗaki can ƙarshe, mu kaɗai, ba mai shiga sai da ƙyalle ga hanci. Anka yi mata allurar, anka bi da wasu sahe da marece har ɗuwawunta sunka yi tauri. Kusa da gadon anka aje wani tire lulluɓe da hwarin ƙyalle. Niɗ ɗaga. Wuƙa ce 'yar ƙarama da wani bututun ƙarhe.

Da lokotoro, babban mai magani na wurin, yash shigo nic ce, "Wanga na mine ne?"

"In iska ta ƙi wucewa, mu huda mata nan," yan nuna ramin wuyanshi, "ta yi numhwashi ta bututu."

"Na gudo ma wuƙa nit tarad da wuƙa."

"Wannan ba mu taɓa ta sai in babu wata hanya. Ki yi addu'a ta kwana nan lulluɓe."

Tak kwana lulluɓe, tas sake kwana. Ni dai ina zamne da yarinya ga ƙirji, bayana ya ƙage, ƙahwahuna sun kumbura. Matan da ke jinya sauran ɗakuna su aje mini kwanon tuwo bakin ƙohwa su ruga, in na cinye in wanke in aje, su ɗauka da bakin zane. Ban ji haushi ba. Da ni ce ma haka za ni yi. Wata sahiya Hadi tas sarƙe da tari, tay yi baƙi, nik ƙwala kira. Kahin su iso ta amayo wani guntun abu bisa zanena, dogo, toka-toka, mai wari. Taj ja iska. Nik kasa kunne. Shiru, iska kawai ke shiga tana hita. Da hantsi tac ce, "Hura."

Mun daɗe can. Mai gida yaz zo bayan an gama maimai, ya rame kamar kara, yaz zamna bakin taga ta waje. Bai ce ya yi kuskure ba, ni ma ban tambaye shi ba. Yac ce dai hatsi ya yi bununi. Ranar da anka sallame mu lokotoro yat tsai da mu biyu yac ce, "Ku ji da kyau. Nan gaba kaɗan muryarta na iya komawa ta hanci, in ta sha ruwa shi hito ta hanci. Dahin ciwon ne yas sa naman sama na baki yas saki. Shina warkewa da kanshi. Ku ba ta abu mai kauri, tana zamne, kaɗan-kaɗan. Kada ta yi guje-guje. In ta yi kasala ko ta kumbura ku maido ta. Kuma kada kowa shi sa mata ƙarhe baki. Ka ji, mai gida?" Mai gida yac ce ya ji.

Munka komo tunga ana cin tumu. Ko'ina hayaƙin gasa sabon hatsi, yara baki duk baƙi, mata sun hwara dariya. Bayan gari kuwa Nomau ya samu maƙwabta, ƙananan tudu sabbi. Nit tambaya ɗiyan wa da wa. Duk gidajen da Gado yab bi da itacenshi ne. Mutane sunka ce shekarar ce ta zo da iska.

Inna ba ta amsa gaisuwata ba, amma ta ɗauki Hadi tana juya ta tana kuka. Tana son ɗiyan nan, ban taɓa ce ba ta so ba.

Ba a jima ba abin da lokotoro yah hwaɗa yaz zo. Hadi ta ce "Inna" ka ji kamar an toshe mata hanci. Ta kurɓi ruwa shi zubo ta hanci, ta sarƙe. Nir riƙa dama mata hura da kauri ina ba ta da ludayi. Inna na kallo.

"Kin gani? Belun da kih hana a cire ne. Ya yi tsawo ya toshe."

"Lokotoro ya ce shina warkewa."

"Lokotoro ya san belu? Mun ji an ce ma yanka ta sunka so yi."

"Inna, mai gida na wurin. Tambaye shi."

Mai gida yat tashi yat tahi duba akuya.

Anka yi girbi, anka ɗaure dammai. Wata sahiya nit tahi rijiya nib bar Hadi na barci. Layi ya yi tsawo, rana ta ɗaga kahin in cika tulu. Ina shigowa gida nig ga tabarma ƙarƙashin aduwa. Gado ya zo karɓar damenshi na kaka, ga damen nan jingine. Zabira buɗe. Inna ta matse Hadi tsakanin gwiwoyi ta riƙe mata kai, yarinyar na kiran sunana ta hanci. Itacen na hannunshi na hagu, ƙugiyar na dama.

Ban sauke tulun ba. Sakinshi niy yi, daga bisa kaina, tsakiyar tabarmar. Yat tarwatse, ruwa da gutsattsarin tulu sunka wanke Gado har gemu. Nih hizge Hadi. Niɗ ɗauki zabirar da yatsu biyu, don ko taɓa ta ban so, niw wurga ta cikin turken awaki, asake da ƙahoni sunka watse cikin kashi da hitsari.

"La ilaha! Mahaukaciya!" Gado yam miƙe shina ɗiga. "Ni? Ni da nic cire ma mijinki belu? Ubana yay yi ma uban mijinki kaciya!"

"Je ka tono nawa ɗan ka hwaɗa mishi."

Hayaniyar taj jawo maƙwabta, taj jawo mai gida daga wurin rumbu da igiya hannu. Yad dubi tulun, yad dubi ƙugiyar da ke ƙasa, yad dubi Hadi da ke maƙale ga wuyana. Gado na tsintar asakenshi cikin kashin awaki shina rantsuwa da kabarin ubanshi, shi da gidan ga har abada, kuma ba wanzamin da za shi taka shi, shi za shi gaya musu duka.

"Ka yi magana mana!" in ji Inna. "Kana tsaye matarka ta kore muna wanzami! Wa za shi yi suna? Wa za shi yi muku aski?"

Mai gida yad duƙa yaɗ ɗauki damen, yaɗ ɗora ma Gado bisa kai.

"Sai mu tara suma, Inna," yac ce.